Ranar da Ari Mai Rediyo Ya Sallami Mai Talla

Duk wanda ya taɓa sayen batir ko tocila a Kasuwar Dole ya san rumfar Ari Mai Rediyo, ko da bai san sunan mai ita ba. Ita ce ta kusa da masu gyaran keke, wadda masu tsayuwa a gabanta suka fi masu saye yawa. Mutum ne gajere, mai faɗin kafaɗa, furfura ta cinye gemunsa amma ta bar girarsa baƙa ƙirin. Kakansa ya zo Damagaram daga Borno tare da fataken kanwa, ya yi gida a cikin Birni, a gindin duwatsu, kuma a gidan nan aka haifi Ari, a nan yake har yau.

Mahaifiyarsa, Hajara, alkaki take yi da dakuwa. Tun kafin ya yi wayo sosai aka ɗora masa faranti a ka. Lekol bai wuce aji uku ba, amma lungunan Birni da na Zango babu wanda ƙafarsa ba ta taka ba. A zamanin nan gidajen Birni duk na ƙasa ne, da zane a goshin zaure, kuma yaro mai talla yakan tsaya daga soro ya yi sallama ya jira. In an ce wa Ari ba a saye bai damu ba. Amma a ce masa haka daga can cikin gida, ba tare da an leƙo an ga abin da ya ɗauko ba, wannan ne yake sa shi ya fita yana haɗiyar hawaye.

Wata shekara bayan an gama girbi aka yi kokowa a fili bayan ganuwa. Ari ya wuni yana zagaya taron, ba wanda ya dube shi, hankalin kowa yana fage. Alkakin ya fara bushewa, shi kuma yana tunanin fuskar uwarsa. Sai ya ji wata murya mai kauri ta ce, "Kai, ɗan talla. Kawo mu gani."

Wani ƙaton saurayi ne zaune a ƙasa, layu sun cika masa dantse, gumi yana zuba, yanzu ya gama kayar da mutum. Sunansa Dodo, daga wani ƙauye a bayan Droum. Ya ɗauki alkaki ya gutsura, ya tauna a hankali kamar mai shari'a, sannan ya kira abokansa da makaɗansa ya ce kowa ya zo ya ɗanɗana aikin Barebari. Kafin Ari ya ankara faranti ya koma wayam.

Daga ranar nan abu biyu suka shiga jinin Ari ba su fita ba. Na farko kokowa. Na biyu kalmomin nan uku. Ya yi wa kansa alkawari cewa muddin yana raye, mai talla ba zai yi masa sallama ya koma ba a dubi kayansa ba. Ya riƙe alkawarin nan da gaske, har ya zama abin dariya a unguwa. Matarsa Kellu takan ce a ɗakinta akwai maganin ɓera kala-kala alhali ba su da ɓera, akwai tabarau na karatu da babu idon da ya dace da su, akwai wata tukunyar ƙarfe da har yau ba a gano abin da ake dafawa a cikinta ba.

"Baban Raudatu," takan ce masa, "gani kawai ka ce za ka yi."

"To ai na gani, sai ya yi mini kyau."

Sunan Mai Rediyo kuwa ya samo shi ne lokacin da ya bar yaron mota ya buɗe rumfa. Abin da ya fara saya wa kansa rediyo ce, mai rigar fata ɗinkin dukawan Zinder. Duk lokacin da aka shiga kokowar takobi ta ƙasa, wadda zakaranta ke samun takobi, sai ya rataye ta a bakin rumfa, mutane su yi cincirindo. Waɗanda suka ga zamanin nan suna tunawa da yadda ake sauraro. Mai sharhi yana magana, kowa yana zana kokowar a cikin kansa, in an yi kaye sai gardama ta tashi a kan yadda aka yi shi, tun da ba wanda ya gani. Ari kuwa yakan tashi tsaye ya kwatanta da jikinsa, ya kama iska ya murɗe ta ya buga da ƙasa. Da tele ta zo gari shi ya fara fito da ita waje. Da salula mai hoto ta zo, 'yarsa Raudatu, wadda ke aikin jinya a Damagaram Takaya, ta aiko masa da guda.

Zumuncinsa da Dodo bai yanke ba duk tsawon shekarun nan. Dodo ya yi zamaninsa, ya tsufa, gwiwoyin da suka ɗauki maza suka daina ɗaukarsa. Ya koma zaman zaure a ƙauyensu, wanda ke cikin wani kwari, inda eriyar tele ba ta kamo komai sai yayyafi fari da baƙi. Amma reso, wato sabis ɗin waya, yana isa can, musamman in an ɗaga hannu.

A shekarar da ake wannan magana, autan Dodo, Mahamud, ya shiga cikin 'yan kokowar da za su tsaya wa Damagaram a kokowar takobi, wadda aka yi a wata jiha mai nisa. Yaron ya fara kaye tun ranar farko. Ya kayar da na Diffa, ya kayar da wani dogo na Tillaberi, garin Zinder ya ɗauki zafi. 'Yan kabu-kabu suna tafe suna kiran sunansa, mata a bakin famfo suna tambayar ɗan wane ne. Aka wayi gari saura maza kaɗan ba su faɗi ba, kuma Mahamud yana cikinsu.

Ari ya kira Dodo a wayar maƙwabcin tsohon don ya yi masa barka.

"Yaya Dodo, ka ji abin da ɗanka yake yi?"

"Ji kam ina ji," in ji tsohon. "Kunnena ya gaji da ji, ɗan talla. Mai rediyo ya ce ya ɗaga ƙafa, wace ƙafar? Ni na koya wa yaron nan tsayuwa, amma ban taɓa ganinsa a babban fage ba. Kuma ka san idon nan ba jira na yake yi ba."

Ari bai yi shawara da kowa ba. Ya ce, "Jibi yana da karo. Za ka gan shi da idonka, a zaurenka. Ni na faɗa."

Ya ajiye waya cike da murna. Ya rufe rumfa tun rana ba ta yi sanyi ba, ya shiga haɗa kaya. Ya aro ƙaramar tele mai aiki da batir, ya goge faifan sola, ya samo igiyar da ke haɗa salula da tele, ya sa forfe mai yawa, wato kuɗin intanet. A tsakar gida ya gwada, hoton jikarsa da ke cikin salular ya fito ƙato a tele, Kellu ta tafa hannu. Ya yi ta zagaye yana faɗa mata inda zai ajiye telen a zauren Dodo, da yadda za a toshe taga da tabarma don hoto ya fito sosai, da wanda zai zauna gaba da wanda zai zauna baya.

Saura abu ɗaya, wato inda zai samo kokowar kai tsaye a cikin salula. Washegari da hantsi, yana zaune a rumfa, ya danna ya yi magana a bakin wayar kamar yadda Raudatu ta koya masa, ya ce yana neman kallon kokowa. Shafuka suka jeru. Ya buɗe wanda ya ga hoton takobi a kai. Kafin a nuna masa komai, sai ga wani ɗan akwati ya faɗo daga sama, da hoton takalmi.

Ari ya yi murmushi. Ashe har a nan akwai masu talla.

"Kawo mu gani," ya ce, ya taɓa.

Takalmi ya kai shi wurin mai agogo, mai agogo ya miƙa shi ga mai maganin ƙarfi, ya yi tsaki ya wuce, amma sai da ya duba. Yana cikin haka salular ta yi gurnani a hannunsa, fuskarta ta yi ja, rubutu ya fito da Faransanci. Da ɗan karatunsa na aji uku ya haɗa baƙaƙen. Ana gaya masa cewa wayarsa ta kamu da cuta, birus sun cika ta, in bai karɓi magani yanzu ba za ta mutu.

Gabansa ya faɗi. Gobe ne karon. Sai kuma ya ji godiya ta kama shi, domin a ganinsa wani bawan Allah ne ya hango ciwo a jikin wayarsa ya yi masa gargaɗi, kuma ga magani ya kawo har gida. Ya taɓa. Salular da kanta ta tambaye shi ko ya yarda a shigo da abu daga wurin da ba a sani ba. Ya ce ya yarda. Ta sake tambayarsa ko ya ba wannan baƙon izinin kula da wayar. Ya ba shi. Wanda ya zo taimako ai ba a tsare shi a soro.

Zuwa la'asar waya ta yi zafi kamar an ciro ta daga murhu. Tallace-tallace suna faɗowa ko bai buɗe komai ba, wani kan wani. Ya je kiran Raudatu, mai agogo ya rufe lambar. Batir da ya cika da safe ya zube. Forfen da ya tanada don Dodo ya kama tsiyaya ba tare da ya kalli ko inuwar ɗan kokowa ba. Da ya koma gida ya miƙa wa Kellu don ta gani, sai wani hoto ya fito wanda ya sa ta kifa wayar a kan tabarma ta ce, "A'uzubillahi. Wannan za ka kai zauren dattawa?"

Da gari ya waye, ranar karo, Kellu ta ce masa ya tafi wurin Wasila.

Wasila ƙanwarta ce, uwa ɗaya uba ɗaya, mace mai 'ya'ya huɗu da ta koyi gyaran salula bayan mijinta ya rasu, ta kafa shago kusa da tasha. Tsakaninta da Ari wasa ne tun tana yarinya, irin na mijin ya da ƙanwar mata, kuma ba ta taɓa raga masa ba. Ya same ta da tabarau a kan hanci tana ƙona dalma.

"Mijin yaya da sassafe? Ko an kore ka ne in shimfiɗa maka tabarma?"

"Bar wasa, Wasila. Wayata ba lafiya, kuma yau Mahamud zai shiga."

Ta karɓa, ta yi saurin sauya hannu. "Wannan waya ce ko dutsen guga?" Ta duba fuskar, talla uku suka faɗo a jere. Abin da ta fara yi shi ne yanke reso gaba ɗaya. "To, mun rufe ƙofa tukuna, kada wasu su ƙaru. Yanzu faɗa mini, me ka taɓa?"

"Ban taɓa komai ba. Masu talla ne suka zo, na duba kayansu."

Wasila ta cire tabarau ta dube shi. "Duka?"

"To wa zan bari?"

Ta yi dariya har ta dafa tebur. Ta leƙa ta kira maƙwabciyarta mai sayar da kati ta ce ta zo ta ga mutumin da ya ce wa birus kawo mu gani. Ari ya tsaya yana murza hula, yana duban rana tana hawa.

"Wanda ya ce maka wayarka ba lafiya," in ji ta bayan ta nutsu, "shi ne ciwon. Lafiyarta ƙalau kafin ya zo. Shafi ba ya iya duba cikin wayarka ya ga cuta, tsoro kawai yake ba ka don ka buɗe masa da hannunka. Kuma wayar ta tambaye ka har sau biyu, ko ba ta tambaye ka ba?"

"Ta tambaya."

"Ta fi ka hankali."

Ta kashe salular ta sake tayar da ita ta wata hanya, wadda ta ce a cikinta duk baƙin da aka shigo da su barci suke yi, sai 'yan gida kaɗai ke motsi. Ta bi jerin manhajojin da ke ciki da yatsa har ta tsaya a kan wata da ba ta da suna ba ta da hoto, fili kawai. "Ga mai maganinka." Ta je cire ta, abin ya ƙi, domin Ari ya naɗa ta mai kula da gida. Sai da ta shiga ta ƙwace wannan izinin, sannan ta fitar da ita, da wasu biyu da ta jawo. Ta soke izinin da ya ba shafuka na aiko masa da saƙo. Ta rufe ƙofar shigo da abu daga wurin da ba a sani ba, ta ce daga yau in ba daga kantin wayar na asali ba, kada ya ɗauko komai. Ta sa shi ya sauya kalmar sirrinsa, ta juya baya har ya gama. Sannan ta haɗa wayar da reson shagonta ta ce sai an sabunta ta, don masu wayar sun aiko da gyaran wasu ɓarakoki tun tuni, shi kuma kullum yana cewa sai anjima.

Sabuntawar nan ta ci rai. Wani ɗan layi yana tafiya a fuskar wayar kamar hawainiya, Ari ya zauna, ya tashi, ya fita ya duba babur ɗinsa da ya ɗaure wa tele, ya dawo. A bakin tasha ana ta gardamar karon yau, wani yana rantsuwa cewa abokin karon Mahamud bai taɓa sa gwiwa a ƙasa ba.

Da aka gama, Wasila ta ce, "Saura katanga. Zan sa maka abin buɗe shafi mai tare talla. Yawancinsu ba za su ma iso gabanka ba."

Nan Ari ya ɗaga hannu. "A'a. Wannan kam ban yarda ba. Ki kori ɓarawo, na gode. Amma in gina katanga in hana masu talla sallama? Ni? Kin san da me aka rene ni."

"Na sani, alkakin Inna Hajara ai na ci."

"To a cikinsu akwai mai neman halal. Wani yana can ya ɗora kayansa yana jiran a duba."

Wasila ta ajiye wayar. Wannan karon ba ta yi dariya ba. "Yaya Ari, lokacin da kake yawo da faranti, in alkakinka ya ɓata wa wani ciki, ina za a je?"

"Gidanmu. Kowa ya san gidan Hajara."

"To wannan da ya shigo maka jiya, ɗan gidan wa ne? Wace unguwa? Shi kansa mai shafin bai san shi ba. Bangonsa ya bayar haya, dillalai suna liƙa abin da aka ba su, yau na kirki, gobe na banza, wani ma ko ba ka taɓa shi ba yana laluben ɓaraka. Akwai masu halal a ciki, ban musa ba. Amma ba yaro ba ne a tsaye a rana da faranti, ba wanda zai koma gida da hawaye don ba ka duba ba. Kuma yau ba ranarsu ba ce, ranar Dodo ce."

Ari ya sauke hannu. Sunan Dodo ne ya karya shi. "Sa," ya ce, "amma na yau kaɗai."

"Na yau kaɗai," ta ce, tana murmushin da ya nuna ba ta da niyyar cirewa. Ta nemo masa shafin wata tashar tele da ta sani, ta ajiye masa shi a fuskar wayar inda zai taɓa sau ɗaya. Ta mayar masa da forfe. Da zai tafi ta riƙe hannun rigarsa. "Saurara. Katangar ba ta tare duka, wani yakan tsallako. In ya fito, kome ya ce maka, kada ka taɓa shi. Ko ɗan gicciyen nan na kusurwa da ake rufewa da shi, kada ka yarda da shi, wani lokaci shi ne tarkon. Ka rufe shafin gaba ɗaya daga ƙasa, ka sake buɗewa."

"In ana tsakiyar kokowa fa?"

"Ko ana tsakiyar kaye."

Ya hau babur, tele a baya cikin bargo, faifan sola a ɗaure a gefe, ya bar kwalta ya shiga yashi. Gonaki duk an girbe, kara a tsaye, rumbuna cike. Ya wuce Droum ana kiran azahar. Tun daga nesa ya hango mutane a ƙofar gidan Dodo, ashe labari ya riga shi, har daga ƙauyukan kusa an zo, wasu a kan amalanke.

Dodo yana zaune a kan buzu, an jingina shi da bango, ya sa babbar rigarsa ta salla. "Ɗan talla," ya ce, "me ka kawo mana?"

"Ɗanka na kawo maka, Yaya."

Aka toshe taga da tabarma, aka ɗora tele a kan turmi da aka kifa. Reso ya fi kama a bakin ƙofa, don haka Ari ya tsaya a nan, salula a ɗage a hannu, igiya ta miƙe zuwa tele. Ya taɓa inda Wasila ta nuna masa. Wani ɗan zobe ya yi ta juyawa, sannan fage ya buɗe a gabansu, da yashi, da tutoci, da jama'a maƙil, da kiɗa. Zauren ya ɗauki sowa. Mata daga bayan zana suka rangaɗa guɗa tun ba a ga kowa ba. Wani tsoho ya matsa ya shafa gilashin don ya tabbata.

Aka yi karo biyu na wasu jihohi. Dodo yana kallo yana gyara musu tsayuwa da baki, yana cewa wannan ya ba da ƙugu da yawa, wancan zai faɗi, kuma ya faɗi. Sai mai sharhi ya kira Damagaram. Ga Mahamud ya fito daga cikin 'yan'uwansa, baƙi, dogo, yana taku irin na ubansa. Dodo ya miƙa wuya gaba, bakinsa a buɗe.

Alƙali ya ɗaga hannu, sai wani farin akwati ya faɗo ya rufe fagen ɗungum. A tsakiyarsa maɓalli kore, ƙato, da rubutu cewa hoto zai tsaya in ba a taɓa nan ba. A kusurwa ga ɗan gicciye. A bayan akwatin kuwa kiɗa yana tashi, mai sharhi yana cewa sun kama, sun kama.

Zaure ya rikice. "Taɓa mana." "Koren, koren." "Malam Ari, za a yi kaye ba mu gani ba."

Babban yatsan Ari ya riga ya tafi da kansa, ya tsaya dab da gilashi. Shekara da shekaru yatsan nan bai san wata amsa ba. Kuma ga hanya mai sauƙi, taɓawa ɗaya, wataƙila akwatin ya kauce. In ya rufe shafin kuwa, da wannan reso na kwari, Allah kaɗai ya san lokacin da hoto zai dawo.

"Ɗan talla," in ji Dodo, "mutum ya yi maka sallama. Amsa masa ya ba mu wuri."

Ari ya dubi tsohon, ya dubi akwatin. Ya tuna zafin wayar a tafin hannunsa jiya, da yadda Kellu ta kifa ta a tabarma. Ya gyara murya, ya yi magana da ladabi, yadda ya so a ce an yi masa a sorayen Birni.

"Bawan Allah, mun gode. Yau ba ma saye. Allah ya kawo kasuwa."

Ya janye yatsa, ya rufe shafin daga ƙasa. Tele ta yi baƙi, kiɗa ya ɗauke. Zauren ya yi tsit, har ana jin akuya tana tauna kara a waje. Wani ya ce, "Shi ke nan, ya kashe." Ari bai waiwaya ba. Ya taɓa alamar da Wasila ta ajiye masa, ya ɗaga hannu sama iyakar tsawonsa, ya yi ɗage a kan yatsun ƙafa. Zoben ya juya, ya juya. Gumi ya gangaro masa cikin gemu. Zoben ya ƙara juyawa.

Kiɗa ne ya fara dawowa, sannan hoto. Suna nan a tsaye, kai da kai, kowa ya riƙe ɗamarar ɗan'uwansa, yashi ya tashi har gwiwa. Abokin karon ya turo da ƙarfi, Mahamud ya ja da baya, ya sake ja, kamar wanda ya gaji.

"Yana kiransa ne," in ji Dodo a hankali. "Bar shi ya zo. Bar shi. Yanzu, ta ciki."

Kamar yaron ya ji. Ya zura ƙafar hagu ta tsakanin ƙafafun mutumin, ya harɗe, ya juya ƙugu, ƙaton nan ya tashi sama ya sauka da bayansa.

Abin da ya biyo baya ba ya faɗuwa daidai. Tabarmar taga ta faɗo, yara suka ɓarke waje da gudu, guɗa ta haɗu da ta cikin tele. Dodo, wanda aka daɗe ba a ga ya miƙe ba sai an kama shi, ya dafa bango ya tashi tsaye da kansa, hawaye yana bin fuskarsa, yana cewa, "Hagu ce. Na san hagu zai sa. Tawa ce wannan, tawa ce." Ari kuwa bai iya kwatanta kayen da jikinsa ba kamar yadda ya saba, domin hannunsa yana sama da salula, kuma bai yarda ya sauke ba sai da aka sake nuna kayen a hankali, tsohon ya ƙara gani.

Mahamud bai ɗauki takobi a shekarar ba, washegari wani ya kayar da shi. Dodo ya kalli wannan ma a zaurensa, don Ari ya kwana a ƙauyen, kuma ya ce kayen na gaskiya ne, yaron ya ba da ƙugu.

Katangar Wasila tana nan a salular har yanzu. Ari yakan ce zai je a cire, bai dai samu lokaci ba. Ranar da ya koma ya ba ta labari, ta sa shi ya maimaita abin da ya ce wa akwatin har sau uku, tana share hawayen dariya, tana cewa ba ta taɓa jin an yi wa ɓarawo addu'ar kasuwa ba. Suna cikin haka wata mata ta tsaya a bakin shagon da tiren gyaɗa a ka ta yi sallama. Wasila ta buɗe baki za ta ce ba sa saye, Ari ya riga ta.

"Ke 'yar gidan wa ce?"

"Gidan Sa'a mai ƙuli, a Garin Malam."

"Na san gidan," ya ce. "Kawo mu gani."